Ranar da Aka Ɗinke Muryar Mai Waiwaye

Kowace safiya, da an gama karanta labarai a rediyo, sai a ji wani ɗan kiɗa mai sanyi, sannan muryarsa ta biyo baya: "A rana irin ta yau..." Shirin bai wuce tsawon shan kofin shayi ba, amma ya daɗe yana yin sa har sunansa na gaskiya ya ɓace. Mai Waiwaye kowa ke kiransa, har jikokinsa. Yakan ɗauko abu guda da ya taɓa faruwa a ƙasar a irin wannan rana, ya ba da labarinsa tiryan-tiryan, ya rufe da 'yar magana a kan haƙƙin ƙasa a wuyan 'ya'yanta. Direbobin haya sukan tsawata wa fasinja su yi shiru in shirin ya fara. Malaman makaranta kuwa har aro suke daga bakinsa, su je aji su yi ado da shi.

A bayan gilashin ɗakin ɗaukar magana akwai injiniyan da ke tace masa shirin, wanda ake kira Almakashi. Sunan ya samo shi ne tun zamanin da ake yanka zaren kaset da reza a liƙe. Shi ke cire tari da in-ina da duk wani tuntuɓen harshe, har magana ta fito sumul kamar ba a taɓa ta ba. Mai Waiwaye yakan ce, "Ni nake magana, amma Almakashi ne ke sa a ɗauka ina da hankali." Kwano ɗaya suke sa hannu da rana. Lokacin da matar Almakashi ta kwanta asibiti, Mai Waiwaye ne ya riƙa kwasar yaransa zuwa makaranta har ta tashi.

A duk ranakun shekara akwai guda da Mai Waiwaye ba ya bari kowa ya taɓa masa, ita ce ranar gada. A shekarar yunwa, yana ɗan makaranta, masu mulkin lokacin suka sayar da hatsin rumbunan gwamnati ga ƙasashen waje, alhali mutane na faɗuwa a titi. Ma'aikatan jirgin ƙasa suka ce ba za su ja tarago ko ɗaya ba. Suka taru a kan gadar da ke gaban tasha, riƙe da tutar ƙasa, suna rera takenta. Wani Kwamanda ya iso da sojoji, ya ba su umarni su watse, da suka ƙi ya sa aka buɗe wuta. Cikin waɗanda suka kwanta a wurin har da mijin yayarsa, direban jirgi, mutumin da ke goya shi a keke zuwa makaranta. Yayar ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba ta sake aure ba. Saboda haka duk shekara, ranar gada, a ɗakinta yake karyawa, su saurari shirin tare, tun da likita ya hana shi sammakon aiki aka koma ɗaukar shirin tun da yamma.

A wannan shekarar abubuwa suka juya. Kwamanda ya tsufa, ya zama dattijon da ake kai wa gaisuwa, ɗansa kuma ya zama ministan da gidajen rediyo ke ƙarƙashinsa. Ana gobe ranar gada, Manajar gidan rediyon ta kira Mai Waiwaye ofishinta. Shi ya koya mata riƙe makirfo tana 'yar koyon aiki, don haka da ya shiga sai da ta miƙe ta ja masa kujera.

"Baba, wata alfarma nake nema," in ji ta. "Shirin gobe. Ko za ka ɗan sassauta? Ka ce an samu hatsaniya, an yi asarar rayuka. Ba sai an kama sunan kowa ba."

"Hatsaniya ai tsakanin mutum biyu masu sanda ake yin ta, 'yata. Waɗannan tuta ce a hannunsu."

"Na sani, Baba. Amma daga sama ake matsa mini. Ana ta maganar haɗin kan ƙasa, an ce tone-tone ba ya kawo alheri."

"To a cire shirin gobe gaba ɗaya, a sa kiɗa. Wannan ikonki ne, ba zan ji haushi ba. Amma in dai bakina ne zai faɗa, yadda aka yi zai faɗa."

Ta juya biro a hannunta. Can ta yi murmushi ta ce, "Shi ke nan, Baba. Je ka ɗauka yadda ka saba."

Ya fita yana jin daɗi, har yana ce wa kansa tarbiyya ba ta faɗuwa ƙasa banza. Ya shiga ɗakin ɗaukar magana ya ba da labarin gada kamar kullum, bai rage komai ba. Da ya gama, Almakashi ya ɗaga masa babban yatsa ta bayan gilashi, ya ce, "Yau ko tari ba ka yi ba, ka bar ni ba aiki." Suka yi dariya, suka fito tare har bakin ƙofa.

Washegari da safe yana zaune a kan tabarma a ɗakin yayarsa, ita tana gefen gado da rediyonta a cinya. Hoton mijinta na rataye a bango, da hular aiki a kansa. Kiɗan ya taso, muryar ta biyo baya. Aka ji shekarar yunwa, aka ji ma'aikata sun taru a kan gada. Sai muryar ta ce, "Nan fa Kwamanda ya iso." Ta ɗan ja numfashi, irin wanda yake ja in zai faɗi babbar magana, ta ci gaba: "Wannan bawan Allah ya tsaya wa ƙasarsa a ranar da kowa ya juya mata baya. Da irinsa ƙasa ke tinƙaho, kuma bashin da yake bin mu ba mai biyuwa ba ne." Kiɗan rufewa ya biyo. Ba hatsi, ba harbi, ba gawa ko ɗaya.

Kofin da ke hannunsa ya karkace, shayi ya zubo masa a riga bai ji zafi ba. Ya gane maganar sarai. Tasa ce, ya faɗe ta watannin baya a kan wani likita da ya ƙi guduwa lokacin annoba. An ciro ta daga can an liƙa a bayan sunan Kwamanda, kuma ɗinkin ya yi kyau har shi kansa bai ji gaɓar ba.

Yaya ta kashe rediyon. Ta daɗe tana kallon bango kafin ta juyo.

"Auta, muryar wa na ji?"

"Tawa ce, Yaya, amma wallahi ba haka na faɗa ba. Yanka aka yi aka haɗa."

"Yanka." Ta jinjina kai a hankali. "Ni ban san aikinku ba. Abin da na sani, da hannuna na wanke jinin da ke jikin rigarsa, kana tsaye kana riƙe mini bokiti. Yau kuma kunnena ya ji bakinka yana cewa wanda ya harbe shi yana bin mu bashi."

"Yaya, ki yarda da ni."

"In ma na yarda, sauran matan fa? Akwai wadda tun jiya take gaya wa jikokinta su zauna su ji yadda kakansu ya mutu. Ita wa zai je ya ce mata yanka aka yi?"

Ya tashi ya fita, ko takalmi bai sa daidai ba.

A gidan rediyo ya tarar da Almakashi a kujerarsa, da abin saurare a kunne, yana tace tallar sabulu. Da ya ga Mai Waiwaye sai ya cire abin ya ajiye, ya ƙi haɗa ido da shi.

"Kai ne?"

"Zauna mana, Mai Waiwaye."

"Na ce kai ne?"

"Ni ne." Almakashi ya shafa fuskarsa. "Manaja ta sauko bayan tafiyarka. Ta ce ko in yi, ko ta ba sabon yaron nan ya yi, ni kuma in san inda dare ya yi mini. Ka san shekara ta rage mini in ajiye aiki. Na ce in dai za a yi, gara ni in yi da tsabta, kar a kunyata muryarka da aikin ƙazanta."

"Da tsabta," in ji Mai Waiwaye. "Har numfashin ka sa."

"Ai na san inda kake jan sa."

Wannan maganar ta fi komai yi masa ciwo. Duk gidan ba wanda ya san yadda yake numfashi sai mutumin nan, ba wanda ya san a wane shiri ya taɓa yabon wani da waɗannan kalmomi sai shi. Da sabon yaron aka ba, da an ji gaɓar, da mutane sun gane an taɓa.

"Lokacin da ka ɗaga mini yatsa jiya, ka riga ka sani?"

"A'a, sai bayan ka tafi," in ji Almakashi.

"Gidana ba nisa. Ko yaro ka aiko ya ce kar in je wurin Yaya yau. A gabanta na ji, Almakashi. A ɗakinta, a ƙarƙashin hotonsa."

"Na yi tunanin hakan. Na ji tsoron za ka zo ka ta da rigima, mu yi biyu babu."

Mai Waiwaye ya bar shi nan ya hau ofishin Manaja. Wannan karon ba ta miƙe ba. Ya ce ba ya neman komai sai a buɗe masa makirfo kai tsaye gobe, ya gaya wa jama'a abin da ya faɗa da abin da aka sa a bakinsa. Ta ce shirin mallakar gidan ne, duk abin da aka ɗauka a ɗakinsu nasu ne, kuma an bugo waya daga sama ana yaba masa, har ana maganar ba shi lambar girma ta kishin ƙasa.

"Baba, ka kwantar da hankalinka. Mutane mantuwa gare su. Nan da mako an wuce wurin."

"Don kar su manta aka ɗauke ni aiki," in ji shi. Ya ciro katin shiga daga wuyansa ya ajiye mata a kan tebur.

Mutane kuwa ba su manta ba, sai dai ba abin da yake so suka riƙe ba. Ya rubuta bayani ya kai jaridu, guda ɗaya ce ta buga, ita ma a can ciki kusa da tallar magani. A bakin tasha ya haɗu da wani tsohon mai gyaran taragu da harsashi ya laƙume wa gwiwa a ranar gada. Ya miƙa masa hannu, tsohon ya dubi hannun ya ce, "Nawa suka ba ka?" ya ja sandarsa ya wuce. Daga nan Mai Waiwaye ya shiga bin gidajen waɗanda suka rasa nasu, ɗaya bayan ɗaya, yana zama yana bayani. Wasu suka yarda, wasu suka ba shi ruwa suka yi shiru har ya tashi. Yaya ta yarda daga baya, da wani jikanta ya nuna mata yadda ake yanka magana a waya, amma ta ce masa yarda daban, abin da kunne ya ji daban. Gidan rediyo bai dakatar da shirin ba. Suna da muryarsa ta shekaru a ajiye, suka ci gaba da sakawa kowace safiya, kuma da shekara ta zagayo suka sake saka wanda aka ɗinke.

Bayan Almakashi ya ajiye aiki, ya ji labarin Mai Waiwaye ba shi da lafiya, sai ya zo dubiya da ledar lemo a hannu. Aka yi masa shimfiɗa, aka kawo masa ruwa. Ya yi gaisuwa, Mai Waiwaye ya amsa da ka. Ya kawo hirar da, ya tuno abin dariya, Mai Waiwaye yana kallonsa kawai. Da zaman ya yi nauyi, Almakashi ya matso kusa da shi.

"Don Allah ka ce wani abu. Ko zagina ne ka yi, na cancanta."

Mai Waiwaye ya gyara kwanciya, ya dube shi ba tare da fushi ba.

"Ka yi haƙuri. Duk abin da na faɗa a gabanka, ban san inda zai ƙare ba."

Almakashi ya zauna ɗan lokaci, sannan ya tashi ya sa takalmansa. Matar gidan ce ta raka shi bakin ƙofa. Mai Waiwaye ya warke daga wannan ciwon, ya ƙara shekaru a duniya, suna haɗuwa a wurin jana'iza ko a layin asibiti, kowa ya ɗaga wa ɗan'uwansa hannu daga nesa. Ba su sake zama wuri ɗaya ba.