Bakin Injiniya

Kumburin ya kwana uku a gefen goshin Injiniya, ya tashi daga ja ya koma shuɗi-shuɗi, yau kuma mutum uku ne suka zuba masa ido a falo.

Yayarsa ce ta kira zaman. Ta ɗosana a bakin kujera da jaka a cinya, fuskar nan a murtuke. Shugabar ma'aikata ta zo daga ofishin da ke tura masu kula da nakasassu, ta buɗe fayil. Ta ukun ita ce mai kula da shi, tana tsaye da allon haruffa a hannu.

Shekara huɗu ke nan da hatsarin mota ya shanye wa Injiniya jiki har da harshe, idanu kawai ya bar masa. Allon na roba ne garai-garai. Mai kula takan riƙe shi tsakanin fuskarta da tasa, ya kalli harafi, ta ambata, ya ƙyafta ido sau ɗaya in ta dace. Wata bakwai ta yi kafin ta iya, kuma duk gidan ba wanda ya iya sai ita. Dokar aikin ɗaya ce: abin da ya ce za ka faɗa, ba ragi, ba ƙari, ba kuma a ƙarasa masa kalma.

Ranar Talata tana mayar da shi kan kekensa na marasa lafiya daga gado, ta manta ba ta danne birki ba. Keken ya zame, kansa ya bugi ƙarfen gado. Ta sa masa ƙanƙara, ta ba shi haƙuri har da hawaye, amma a littafin rahoto ba ta rubuta komai ba. Tsoro ne ya hana ta, kuma kunyar abin ta fi tsoron cin ta.

"Ni dai a gaya mini abin da ya sami ƙanena," in ji yayar. "Mutum ba ya motsi, ta ina zai buge?"

"Shi za mu tambaya," in ji shugabar. Ta dubi mai kula. "Bismillah."

Mai kula ta ɗaga allon. Ta cikinsa ta ga idanunsa, tar, ba alamar wasan da ya saba yi mata. Suka fara yawo a kan haruffa, ita kuma tana bi.

"Ta," ta ce. Ya ƙyafta.

Kalma ta biyu tun daga harafi na uku ta sha jinin jikinta. Matan nan biyu ba sa ganin inda yake kallo. Da za ta ce "ta fita ne na zame", wa zai musa? Shi kansa ba shi da bakin musawa. Aikin nan kuwa da shi take riƙe da mahaifiyarta.

"Manta," ta ce.

Ya ci gaba, harafi bayan harafi, ba gaggawa, yadda aka ce yakan kwance inji a da. Agogon bango yana ta ƙas-ƙas.

"Birki." Ta haɗa maganar yadda doka ta ce. "Ta manta birki. Na faɗi."

Yayar ta miƙe zumbur, jakar ta faɗi ƙasa.

"Wace ce ta manta?"

"Ni ce, Yaya."

"Kada ki ƙara ce mini Yaya! Kwana uku kina kallon idona kina gaishe ni? Karɓe allon nan daga hannunta!"

"Wa zai riƙe?" shugabar ta tambaya a hankali. "Bai gama ba. Dubi idonsa."

Gaskiya ne, yana ta ƙyaftawa da sauri, alamar yana da sauran magana. Mai kula ta sake ɗaga allon. Wannan karon ya daɗe, kusan minti shida.

"Biyu sun riƙe allon kafin ita," ta karanta. "Na ce zafi, su ce na gode. Ita ta faɗa daidai."

Yayar ta koma ta zauna a hankali. Ita ma ta sha jin wannan "na gode" ɗin, har takan yi murna.

Shugabar ta yi rubutu mai tsawo, sannan ta rufe fayil.

"Mantuwa kowa yana yi. Ɓoyewar ce laifi. Za ki zauna a gida mako biyu, kwamiti ya duba. Ban yi miki alkawarin komai ba."

"Na ji."

"Mako biyu?" in ji yayar. "To wa zai riƙa jin maganarsa?"

Mai kula ta goge allon da gefen rigarta, ta miƙa mata. Yayar ta karɓa a juye, mai kula ta gyara mata shi, ta ɗaga mata gwiwar hannu daidai fuskarsa.

Idanun Injiniya suka sauka kan harafi, suka matsa zuwa na gaba.

"Ruwa!" in ji yayar da sauri. "Ruwa yake so, ko?"

Bai ƙyafta ba.

"Ki jira shi, Yaya," in ji mai kula, tana ɗaukar tata jakar. "Bai gama ba."