Kwamfutocin Aro

Direban jami'a ya sauke kwamfuta ta ƙarshe daga bayan motarsa, ya share gumi da hula, sannan ya ɗaga kai ya karanta allon da ke saman ƙofa: Sashen Nazarin Kwamfuta. A nan ne 'yarsa Auta take shekarar ƙarshe.

Ba yau ya fara wannan dakon ba. Duk sanda masu tantance kwasa-kwasai za su zo, sai a tura shi ya kwaso kwamfutoci daga ofisoshi da wata makarantar kuɗi da ke bayan gari, a jera su a sashen da za a duba. Baƙi na juya baya, a mayar wa kowa kayansa. Bai taɓa sa abin a ransa ba, shi dai nasa tuƙi ne.

Ɗakin sai warin sabon fenti yake yi. Shugaban Sashe na tsaye yana ba da umarni a cusa wayoyi bayan tebura, don layin gaba kaɗai za a iya kunnawa.

"Yallaɓai, to ina naku na sashen?" in ji Direba. "Waɗanda yaran ke koyo da su?"

Shugaban ya dube shi sama da ƙasa, ya yi dariya. "Direba, je ka duba man motarka. Gobe kai za ka ɗauko baƙi."

*

Ya tarar da Auta a tsakar gida kan tabarma, da wani kwali a cinyarta. Ta zana haruffa a kai layi-layi kamar na madannan kwamfuta, tana bin su da yatsu. Ya sha ganin kwalin nan, ya ɗauka na bita ne kawai.

"Ke Auta, faɗa min gaskiya. Da me ake koya muku?"

"Da allo, Baba. Malami ya rubuta mu kwafa, ranar jarrabawa mu mayar masa da abinsa a takarda."

"Shekarun nan duka?"

Ta sunkuyar da kai.

Mahaifiyarta ta leƙo daga ɗakin girki. "Ai kai ne ka cika unguwa da cewa ka haifi injiniya, Malam. Mu da ke zaune da ita mun san injiniyar kwali ce."

Bai yi dariya ba. Ransa ne ya ɓaci. Wato shi da kansa, da bayansa da ke ciwo, ya yi ta dakon ƙaryar da aka ci 'yarsa da ita! Manyan mutane masu rigunan ilimi, su rasa wanda za su yi wa wayo sai 'ya'yan talakawa?

"Wallahi gobe sai na fasa ƙwai. Ni zan tuƙo baƙin nan, kuma sai sun ji komai. In kora ce, a kore ni."

Auta ta ajiye kwalin, ta durƙusa a gabansa. "Baba, don Allah kar ka yi. In suka soke kwas ɗin, takardar da zan fita da ita ko ƙunshin gyaɗa ba za ta yi ba. Ni da duk 'yan ajinmu. Ni ma an sa ni cikin masu zama a layin gaba, an ce mu yi kamar muna aiki."

*

Washegari wata dattijuwa mai furfura, shugabar baƙin, ta zauna kusa da shi a gaban mota. Da suka isa, ta hango ɗakin ta taga, ga ɗalibai a jere, kowa ya ƙura wa kwamfuta ido.

"Malam, kai da ka daɗe a nan, haka ɗakin nan yake kullum?"

Ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya. Sai ya hango Auta. Ta ɗora yatsu a kan madannai a hankali, kamar mai tsoron kar su ƙone ta, kuma fuskarta ɗauke da wani murmushi da bai taɓa gani ba.

"Haka yake, ranki ya daɗe," ya ce. "Kullum a cike."

Ta rubuta wani abu a takardarta, ta yi masa godiya. Ya riƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka tashi, yana jin haushin Shugaban Sashe, yana jin haushin bakinsa fiye da na kowa.

*

La'asar ba ta yi ba aka kira shi ya kwashe kaya, don masu makarantar kuɗi sun fara waya. Auta ta taya shi lodi, ta ce za ta zauna a baya ta riƙe kayan kar su faɗi.

A hanya ya dubi madubi. Ta zaro allon madannai ɗaya ta ɗora a cinya, wayar allon na reto ba a haɗe da komai ba, tana ta bugawa da sauri, bakinta na motsi.

Da suka zo mararraba, ya bar gajeriyar hanya ya ɗauki doguwa, ya rage gudu.