Na'urar da Baduku Ya Ɗinke

Alhaja Kafayat, 'yar Gwadangaji mai saro bandar kifi a Argungu, ba ta taɓa zaton za ta mutu saboda aikin baduku ba. Ga shi injin jirgin Maigandi, tsohon matuƙin da ya ɗauko ta, ya mutu tun hantsi, filafili ya bi ruwa, ambaliya ta cusa su cikin kacala, doguwar ciyawar ruwa, inda ba mai ganin su. Ruwa kuwa na tsattsafowa ta ƙasa, har ya taɓa kwandunanta. Tsoro ya kama ta sosai.

"Baba Maigandi, ina na'urar neman agajin da aka raba maku?"

Ya ɗaga damtse yana murmushi. "Ga ta nan, Alhaja. Kwantar da hankalinki."

Wayyo! Ɗinke take tsaf cikin jar fata, har da ado. Ranar rabon, manya sun zo daga Birnin Kebbi, sun yi jawabin awa biyu, an ɗau hoto, an ci kaji. Abu guda suka faɗa da Hausa: wannan tana ceton rai a ruwa. Yadda ake kunna ta kuwa, ba wanda ya tsaya nunawa, rana ta yi zafi. To, abin da ke ceton rai a ruwa ai Maigandi ya san shi tun kakanninsa, ya kuma san inda ake kai shi.

"Miƙo nan in farke."

"Mi? Laya aka buɗewa? Ƙarfinta shi tai!"

"Ni da kai ne za mu tafi, tsohon nan!"

Ta cafke damtsen, ta zaro rezar da take yanka igiyar kwando. Yana salati tana tsaga, har abin ya fito, ruwan ɗorawa, da rubutun Turanci a jiki. Ta karanta, ta miƙe eriya, ta danna. Wata 'yar fitila ta soma ƙiftawa.

"Shi ke nan?" in ji Maigandi da raini. "Ko ƙara babu."

Ba da shi na'urar take magana ba. Tauraron ɗan'adam take gaya wa inda suke, shi kuma ya miƙa wa masu ceto. Kafin la'asar sai ga jirginsu ya kutso kacalar kai tsaye, lokacin ruwa ya kai wa Alhaja gwiwa. Ta fashe da kuka, ba kunya.

Shugaban masu ceton, Kenneth, ya ɗauki tsagaggiyar fatar yana juyawa.

"Baba, guda goma sha biyu aka ba matuƙan Argungu. Ina sauran?"

Maigandi ya gyara hula. "Ni as shugabansu, Yallaɓai. Da hannuna na kai su wurin baduku, duka."

Kenneth ya dubi ruwan da ya shafe fadama har iyakar gani.

"Jirage nawa ke waje yau?"

"Huɗu. Biyu na ɗauke da 'yan biki."