Rasit a Cikin Hular Malam Albarka

Ina tsakiyar wanke shinkafa saƙon wani kamfanin bada rance ya shigo wayata: hoton maƙwabcina Malam Albarka, an rubuta a ƙasa wai ɓarawo ne, ya ci rance ya ƙi biya. Kafin azahar rabin Gwandu ya gani. Mutumin da ko albasa ɗaya ce ta faɗo daga buhunka sai ya biyo ka da ita!

Na tarar da shi a zaure, rasit a hannu.

"Malama Maryamu, ke ce mai koyar da lissafi. Duba min. Wallahi na biya su."

Rancen injin ban-ruwa ne ya karɓa ta waya. Da ya sayar da albasa sai ya nufi Kalgo wurin Abdulrasheed mai POS, ɗan ƙanensa, wanda Malam ɗin ne ya yi masa aure. Shafin kamfanin ya lissafa masa dubu ɗari da tamanin, ya ƙirga su tsaba ya miƙa wa Abdulrasheed don ya tura. Abdulrasheed ya ce Baffa ya buga adadin da kansa don hankalinsa ya kwanta. Shi kuwa Malam shekara ashirin ya yi yana fatauci a Nijar, inda ake raba dubbai da ɗigo, ba da waƙafi ba. Ya buga 180.000. Shafin ya ɗauka naira ɗari da tamanin ne.

Ga shi ɓaro-ɓaro a rasit. Abdulrasheed ya san hannun baffansa sarai, kuma daga asusun POS ɗinsa ɗari da tamanin ɗin suka fita, sauran tsabar ya soke a aljihu. Wata uku yana zuwa gaisuwa a kan sabon babur, ko kunya babu.

Na so in yi shiru, na kasa, na faɗa wa Malam komai. Har yau ina jin haushin bakina. Malam bai yi faɗa ba.

"Zai yiwu bai gani ba?"

"Ba zai yiwu ba, Malam."

Ya hana kowa zuwa Kalgo. Ya daina zama a zaure, abinci ma sai an yi da gaske. Jininsa ya hau, a rana ta tara da hantsi ya rasu. Daga bakin ƙofata na hango Abdulrasheed a gaban makara, ya fi kowa kuka. Na koma ciki don kada in yi abin da zan ji kunya.

Bayan sadakar uku matarsa Fatima ta kawo min hularsa, ta ce akwai takarda a ciki, ita ba ta karatun boko. Rasit ɗin ne, an ninke shi huɗu. A bayansa Malam ya rubuta 180,000 da biro, layi bayan layi har ƙasa, kowanne da waƙafinsa.