Huɗun da Magini Ya Mayar Arba'in

Tun daga lokacin da Magini ya ɗora hannu a kan kwamfutar nan abin ya soma lalacewa, shi dai bai sani ba.

Maƙwabcinsa Mai Hoto yana kwance, kwana tara ke nan ba ya iya tashi. Kafin ciwon ya kayar da shi, ya juye tsofaffin kaset-kaset na bidiyon marigayiya matarsa a kwamfuta, ya sa kwamfutar ta wanke hoton da ya dushe. Abin da ya rage masa a rai ke nan, ya sake ganin fuskarta sarai.

"Duba min, sarkin bulo, saura yaushe?"

"Ta ce kwana biyu."

Mai Hoto ya yi 'yar dariya, tari ya sarƙe shi. "To, ni da ita za mu yi tsere."

A gefen allon Magini ya ga inda aka rubuta yawan aikin da za a yi a lokaci guda: huɗu. Shekara ashirin yana gini, ya san in aiki ya matse, leburori ake ƙarowa. Ya goge huɗu, ya rubuta arba'in.

Fankar injin ta ɗauki kuka. Kafin rana ta yi tsaka, kwana biyu sun koma shida. Ya danna nan, ya danna can, ba abin da ya motsa. Ya fita bakin ƙofa da gumi a wuya, ya kira 'yarsa da ke karatun kwamfuta a nesa.

"Baba, me ka taɓa?"

Ya faɗa mata.

"Kai, Baba! Injin nan hannu huɗu gare shi. Ka tara mutum arba'in a kan cokalin gini huɗu. Kafin wannan ya shafa siminti, an ƙwace an miƙa wa wancan. Da ka bar shi, da yamma na farkon sun fito."

"In zare wuta?"

"Kaset ɗin na nan?"

"Sun cinye, ya zubar."

"In ka zare, komai na iya tafiya."

"In na bari fa?"

"Ban sani ba, Baba."

Ya koma ɗakin ya zauna a bakin gado.

"Ta fito?" in ji Mai Hoto, idonsa a rufe.

"Tana hanya."

"Haka take. Ba ta taɓa shiryawa da wuri ba."

Washegari da hantsi Mai Hoto ya cika. Ƙanwarsa ta ja masa mayafi, ta naɗe tabarma, ta buɗe taga. Da ta kai hannu za ta kashe soket, Magini ya ce, "Don Allah, bar shi."

Yau kwana huɗu fankar tana juyawa a ɗakin da babu kowa, layuka arba'in a allon, ba wanda ya kai rabi. Har yanzu ba a san ko fuskar matar tana ciki ba.