Rabin Askin Tela

Wata biyu ke nan Baba yana dafe ƙeya. Yana cikin aski sai ya tsaya, ya runtse ido, sannan ya ci gaba. In na ce asibiti, ya ce in ɗauki tsintsiya in share gashi.

Shagon aski shida ne a layinmu, Baba ne shugaban ƙungiya. Ni ke riƙe takardu, tunda na gama sakandare.

Ranar Talata wata nas ta zo da fom. Asibitin unguwa na neman ƙungiyoyi su shiga shirin awon hawan jini. Mataki uku ne. Na ɗaya, a manna takarda a bango. Na biyu, a ba nas kujera sau ɗaya a wata. Na uku, a koya wa mutum ɗaya, a bar masa na'ura a shago, amma sai an fara auna 'yan ƙungiya kaf.

"Na ɗaya," in ji Baba. "Bango dai muna da shi."

"Baba, ku kuka fi dacewa da na uku," in ji nas. "Kafin awo sai mutum ya zauna shiru minti biyar. Ni maza ba sa zauna mini. Ku kuwa da kun ce kada a motsa, an daskare."

"Na ɗaya."

Ban cika fom ɗin ba. Na tura shi durowa, ƙarƙashin almakashi.

Kashegari Tela ya zo aski. Abokin Baba ne tun suna yara, shi ne kuma shugaban teloli.

"An ce na manna takarda kuka ɗauka," ya ce. "In babu gam, mu ara muku. Mu na biyu muke."

"Kai da ka auna mini wando ya tsaya a ƙwauri, kai ne za ka shiga awon jini?"

"Ƙafarka ce ta ƙaru."

Baba ya gama gefen dama. Sai injin ya tsaya a sama. Ya runtse ido.

Tela yana kallonsa ta madubi. Ya kwance ƙyallen wuya, ya ninke, ya miƙo mini.

"Ɗana, tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Zauna in ƙarasa," in ji Baba.

"Mai askin da ke rufe ido ba ya taɓa mini kai. Jiya aka auna ni, nawa ma ya hau. Ƙwaya aka ba ni, ba ta kai maɓallin riga ba. Sai an auna ka zan dawo."

Ya fita da rabin aski, ko hula bai sa ba. Ya bi layi yana gaisawa, shago shago. Duk wanda ya tambaya, sai ya ce, "Aikin shugaban masu aski ne."

Kwana biyu yana haka. Mai shayi ya zo tambaya ko sabon yayi ne. Wani ɗalibi ya ce a yi masa irinsa. Har ni sai da na yi dariya, abin da ban cika yi ba.

A rana ta uku Baba ya ce, "Ina fom ɗin nan?"

"Wanne za a zaɓa?"

"Kai ma ka sani."

Ranar Asabar nas ta dawo, ta nuna mini yadda ake ɗaura na'urar a damtse. Masu aski suka jeru. Baba ya zauna a kujerarsa, minti biyar babu magana. Tela na tsaye a kansa yana cewa, "Kada ka motsa."

Lambar ta hau sosai. Na nuna wa nas.

"An tare shi da wuri," in ji nas. "Litinin ka zo a ba ka magani."

"Shago fa?"

"Ina nan," na ce.

Baba ya dube ni, ya dubi Tela. "To miƙo kan nan kafin ka kashe mini kasuwa."

Litinin da safe suka tafi tare, suna gardamar wanda nasa ya fi hawa. Na buɗe shago ni kaɗai. Mutumin farko ya zauna, na ce ya naɗe hannun riga.