Motar da Ke Mutuwa Ranar Talata

Sau huɗu na kai motata wurin Malam Nathaniel, mai gyaran wayarin mota da ke Ƙofar Kaura, har gaisuwa ta fara yi mana nauyi. Na gaji da shi, ya gaji da ni, motar kuwa ko a jikinta.

Tsohuwar mota ce ta hannu, ni ne mutum na uku da ya mallake ta. Ni ma'aikacin lafiya ne, kowace Talata nake kai allurar rigakafi wani ƙaramin asibiti a kan hanyar Batsari. Kowa ya san wannan ba hanyar da mota za ta mutu wa mutum ba ce. Shekara biyu da suka wuce, motar yayana Abbas ta tsaya a can da la'asar. An samo motar, ƙofofinta a buɗe. Shi kuwa har yau ba labari.

To, tawa motar sai ta zaɓi Talata. Ranar Litinin lafiyarta lau. Talata da safe in murɗa makulli, sai in ji ƙyat, shi ke nan, batir ya kwanta. Maƙwabta su tura ni har bakin titi, wasu da buroshi a baki. In ta tashi ma ba a gama ba. Muna cikin tafiya sai waifa ta kama shara ita kaɗai, ba ruwa ba hadari, fitilun gaban direba su yi ta ƙyafta ido. A Talatar da ta wuce har injin ya ɗauke na ɗan lokaci a tsakiyar daji kafin ya dawo. Ban san na iya addu'o'i da yawa haka ba sai ranar.

Na canza batir. An kwance cajar batirin an duba, an ce ƙalau take. Laraba ina ofis, sai Alhamis nake samun kai ta gareji, kuma da mun isa sai ta zama salihar mota, ta tashi bugu ɗaya tana ba ni kunya.

A karo na huɗu Malam Nathaniel ya goge hannu da tsumma ya ce, “Malam Almu, don Allah ka daina kawo mani ita ranar da take lafiya. Ran Talata in ta ƙi tashi, kada kowa ya tura. Kira ni.”

Haka aka yi. Ƙarfe bakwai na safe ya iso gidanmu a kan babur, da batir a ɗaure a baya. Ya gaida mahaifiyata, Inna Delu, wadda ke zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, suka yi ta jera gaisuwa har na fara duba agogo. Sannan ya ɗaura batirinsa, ya cire waya ɗaya, ya haɗa ɗan ƙwan fitila tsakanin wayar da kan batirin. Komai na motar a kashe yake, makulli yana aljihuna. Ƙwan ya kama.

“Ka gani?” in ji shi. “Akwai mai shan wuta a ciki, motar tana barci shi yana ci.”

Ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ƙafafunsa a waje, ya shiga zare fis ɗaya bayan ɗaya, ni kuma ina gadin ƙwan. Na rediyo, na hon, na fitilar ciki. Ƙwan bai mutu ba. Rana ta fara zafi, gumi na bin bayana, na riga na fara tunanin wanda zan roƙa ya ara mini babur. Can sai na ji ya daina motsi.

“An yi ruwa jiya?” in ji shi.

“A watan Maris?”

“Ka wanke ta?”

“Rabona da wanke ta tun Juma'a.”

Ya kwance akwatin fis ɗin gaba ɗaya ya fito da shi haske. Bayansa a jiƙe yake, baƙi ƙirin, wani wurin ya bushe ya yi ɓawo, wani wurin yana danƙo. Ya bi sawun baƙin da yatsa har sama, zuwa gindin gilashin gaba inda waifa ke kwanciya. Robar wurin ta ruɓe tuntuni. Ya murza abin a yatsunsa, ya sansana, sannan ya rage murya.

“Malam Almu, a garin nan aka haife ni, da 'ya'yan malamai na yi wasan ƙasa. Wannan ƙaro ne da gawayi. Tawada ce. In ta jiƙe tana haɗa wuta inda bai kamata ba, in ta bushe bayan kwana biyu sai ta yi shiru. Wani yana zuba wa motarka rubutu.”

Ba sai an gaya mini ko wane ne ba.

Tun muna yara, in ɗayanmu zai yi tafiya, Inna takan karɓo rubutu wurin malaminta, a wanke allo a ba mu mu sha. Bayan ɓatan Yaya Abbas, ranar da zan koma aiki ta miƙo mini kofi. Raina a ɓace yake, ban san lokacin da na ce mata, “Yaya Abbas ma ai ya sha” ba. Ta janye hannunta. Tun daga ranar ba ta sake miƙo mini ba, ni kuma ban taɓa ba ta haƙuri ba. Na ɗauka maganar ta wuce.

Malam Nathaniel ya wanke akwatin da fetur da tsohon buroshi, ya shanya shi a rana, ya mayar, ya liƙe gindin gilashin da gam. Ya sake haɗa ƙwan. Wannan karon bai kama ba. Yana ɗaure kayansa ya ce, “Nawa na yi. Amma gam ne, watarana zai saki. Sauran gyaran ba na mai wayarin ba ne.” Ya bar mini batirinsa a jikin motar, ya yi wa Inna sallama ya tafi.

Na je na durƙusa a gabanta. Na zo da niyyar faɗa, amma gajiya ta fi ƙarfin faɗan.

“Inna, ke ce kike zuba wa motar rubutu?”

Ba ta ko ɗago ba. “Kowace Litinin, in ka tahi masallaci da la'asar.”

“Shi ne yake kashe ta, Inna. Saura kaɗan ta tsaya mani a daji wancan satin.”

Carbin ya tsaya a hannunta. Na ji kamar in mayar da maganar cikin bakina.

“To mi kake so in yi?” in ji ta. “Kai ka ƙi sha. Ita ba ta yi mani gardama. Ɗaya ya tahi wannan hanya bai dawo ba, in zauna in zuba ido kawai?”

Wata kaza ta wuce ta tsakaninmu.

“Duka kike zuba mata?” na tambaya.

“Rabi. Rabin ina aje maka, ko Allah zai sa ka tambaya. In ka hita ba ka tambaya ba, sai in shanye.”

Shekara biyu ke nan. Na lissafa Talatocin a raina, kunya ta rufe ni.

“Ina na yau?”

Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, ta fito da kofin silba an rufe shi da faifai. Na yi bisimilla na kafa kai. Ɗanɗanon yana nan yadda na san shi, ɗan bauri da ƙamshin hayaƙi. Na shanye tas na miƙa mata kofin.

“Inna, ki yafe mani. Daga yau ki riƙa aje mani duka. Ita motar ta ƙoshi.”

Ta karɓi kofin da hannu biyu. Na sa akwatin allurai a baya, na murɗa makulli, motar ta tashi bugu ɗaya. Har na kai kwanar layinmu ina hango ta a madubi, tsaye a ƙofar gida da kofin a hannunta.